Kantin gida a lokacin yaƙi: darasi daga Ingila

Tsofaffin Ingila da suka ga Yaƙin Duniya na Biyu, in suna ba da labarin unguwarsu, ba sa mantawa da ƙananan kantunan bakin titi: na mahauci, na mai burodi, na mai kayan masarufi. Galibinsu na gado ne, iyali na kwana a saman bene, kanti na ƙasa. Da aka ɗebi maza zuwa fagen daga, mata da tsofaffi ne suka riƙe sikeli.

Jamus na nutsar da jiragen ruwan da ke kawo abinci, don haka a watan Janairun 1940 gwamnati ta soma sayar da sukari da man shanu da kati. Nama ya biyo baya a Maris, ganyen shayi a Yuli. Kowane gida sai ya rubuta sunansa wajen ɗan kanti, can zai riƙa sayen kasonsa. Sukarin mutum ɗaya a mako bai kai kwatan kilo ba, kuma katin nama bai ƙare ba sai 1954.

Wannan tsari ya sa cikin unguwa a hannun ɗan kanti. Wani ya cika ma'auni, ya share gilasan da bam ya farfasa, ya buɗe da safe. Wani kuwa ya ɓoye kaya ƙarƙashin tebur don mai kuɗi. Yaƙi ya wuce, amma mutane ba su manta wanda ya yi kowanne ba.

Mu ƴan kasuwar kan iyaka mun ɗanɗana irin wannan. Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019 har Disamban 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har Maris 2024. Daga Ƙwanni zuwa Illela, daga Maraɗi zuwa Jibiya, mun san waɗanda suka kulle sito suna jiran farashi ya hau, mun kuma san waɗanda suka ba maƙwabta bashin tiyar gero.

Ba mu ce a sayar da hasara ba. Mai rumfa ma yana da bakunan ciyarwa. Amma ribar ɓoye kaya ta wata uku ce, sunan da za mu bar wa ƴaƴanmu a rumfa kuwa na shekaru ne. In iyaka ta sake rufewa, mu cika mudu, mu fito da kaya. Allah ya kiyashe mu da cin haƙƙin jama'a, amin.