Daga Stockholm zuwa Farm Centre: wa ke zaɓa wa kunnen Bakano abin da zai ji?

Duk wanda ya tashi a Gyaɗi-Gyaɗi ko Darmanawa tsakanin 1990 da 2005 ya sha kiɗan ƙasar Suwidin har ya ƙoshi, ko da bai taɓa sanin daga can yake ba. Waƙar “My Love” ta Westlife, wadda ta cika shagunan aski da motocin haya a 2000, mawaƙanta 'yan Ailan ne, amma 'yan Suwidin ne suka tsara ta a ɗakin kiɗa na Cheiron da ke Stockholm. Haka “I Want It That Way” ta Backstreet Boys a 1999, da waƙar da ta fito da Britney Spears a 1998: duka biyun akwai hannun Max Martin, wanda ya koyi sana'a a wannan ɗaki ƙarƙashin Denniz Pop. Shi kuwa Denniz Pop, kafin ya kai ga Amurkawa, da ɗan Najeriya ya fara yin suna: Dr. Alban, haifaffen Oguta, likitan haƙori a Stockholm, wanda ya fitar da “Hello Afrika” a 1990 da “It's My Life” a 1992. Kafin su duka akwai ABBA, da suka lashe gasar Eurovision a 1974, sai a-ha daga Norwe da Aqua daga Danmak.

Babu kamfanin Suwidin da ya kafa allon talla a Titin Zariya domin waɗannan waƙoƙi. Ta hannun mutane suka shigo. Ɗalibi ya dawo hutu daga Zariya da kaset a jaka, ya ara wa maƙwabcinsa. Mai shagon kaset ya lura da abin da mutum ya saya a makon jiya, ya ce masa ga wani sabo irinsa. Mai gabatar da shirin zaɓen masu sauraro a rediyo ya maimaita waƙa har ta zauna a kunne. Da wayar salula ta yawaita, sana'ar ta koma hannun masu turi, irin waɗanda ke zaune da kwamfuta a kasuwar waya ta Farm Centre a Tarauni, suna cika wa mutane katin memori a kan 'yan kuɗi kaɗan. Kowane ɗaya daga cikinsu mai ba da shawara ne, kuma shawararsa tana da fuska: idan zaɓinsa bai yi ba, gobe za a dawo a faɗa masa.

Yau mai ba da shawarar ya sauya, kuma abin mamaki shi ma ɗan Stockholm ne. Daniel Ek da Martin Lorentzon sun kafa Spotify a 2006, manhajar ta fara aiki a 2008, ta iso Najeriya a Fabrairun 2021. Tun 2015 take haɗa wa kowane mai sauraro jerin waƙoƙi 30 duk ranar Litinin. Hanyar aikinta ba boyayya ba ce: tana duba abin da mutum ya saurara, ta nemo wasu da zaɓinsu ya yi kama da nasa, sannan ta miƙo masa abin da su suka ji shi bai ji ba. YouTube da Audiomack da TikTok duk suna da irin wannan lissafi. Ta haka ne matashi a Darmanawa zai fara da Alan Walker na Norwe, ya wayi gari a wurin Avicii, ya ƙare a wurin Roxette, ba tare da ya tambayi kowa ba.

Wannan ci gaba ne na gaske, kuma bai kamata kewar zamanin kaset ta rufe ido daga ganinsa ba. Mai turi, duk da iya zaɓinsa, ba ya biyan mawaƙi ko sisi. Yana cikin dalilan da suka durƙusar da kasuwar faifan Kannywood. Suwidin ma ta sha wannan ɗaci. A can aka kafa The Pirate Bay a 2003, shafin da ya zama uwar satar fasaha a duniya. Kotu ta hukunta masu shafin a 2009, amma abin da ya janye jama'a daga sata shi ne samun hanya ta halal wadda ta fi satar sauƙi. Darasi na farko ga Kano ke nan: kame da ƙwace kwamfutoci ba sa maye gurbin kasuwa mai sauƙin shiga da farashi daidai aljihu.

Sai dai na'ura tana da iyaka, kuma iyakar ta fi cutar da mai ƙaramin harshe a intanet. Lissafinta yana cin abinci ne daga yawan masu sauraro da kuma ingancin bayanan da aka rataya wa kowace waƙa. Waƙar Suwidin tana zuwa da sunan marubuci, da na makaɗi, da shekara, da kamfani. Waƙoƙin Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da yawansu suna yawo ne da sunayen da masu ɗorawa suka ga dama, ba shekara, ba bayanin wanda aka yi wa waƙar. Abin da na'ura ba ta iya ganewa ba, ba za ta iya ba da shawararsa ba. Ƙari a kan haka, tun 2024 Spotify ba ta biyan kuɗi a kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 cikin wata 12 ba. Sakamakon shi ne ya fi wa yaron Tarauni sauƙi ya gano ƙungiyar kiɗa ta Gothenburg da ya gano makaɗin kotso na garin kakansa.

Laifin wannan ba na Suwidin ba ne. Ƙasa ce mai mutane kusan miliyan goma da rabi, adadin da bai yi wa na Jihar Kano nisa ba tun a ƙidayar 2006, da aka samu miliyan 9.4. Abin da ya sa kiɗanta ya zagaye duniya sananne ne: tun shekarun 1940 ƙananan hukumominta suke gudanar da makarantun koyon kiɗa masu rahusa, inda shi kansa Max Martin ya koya, kuma tana da tsarin rajista da ke tabbatar da cewa wanda ya rubuta waƙa yana samun rabonsa ko da ba a san fuskarsa ba. A ɗakunan kiɗa na Zoo Road akwai matasa masu sarrafa fiyano da basira, amma galibi ana biyan su sau ɗaya ne a sallame su, sunan kuma ya tafi ga mawaƙi ko ga jarumin da ya hau waƙar a fim. Sana'ar da ba ta rubuta sunan mai aiki ba ta tara gado.

Za a ce al'adar Kano daban, kuma batun koyar da kiɗa a makarantar gwamnati zai ci karo da ra'ayin malamai da iyaye da yawa. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a kwafo Stockholm ɗungurungum. Amma kunnen Bahaushe bai taɓa zama a kulle ba. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero da Brian Larkin sun nuna yadda aka ɗauki karin waƙoƙin finafinan Indiya aka mayar da su waƙoƙin soyayya na Hausa, har da bege na masu bandiri. Aron kari tsohuwar ɗabi'a ce a nan. Rubuta sunan makaɗi da adana tsohuwar waƙa kuwa ba su saɓa wa addini ko al'ada ba. Haƙƙi ne da amana.

Aikin a bayyane yake, kuma bai fi ƙarfin masu karatun wannan shafi ba. Sassan Hausa na jami'o'i da gidajen rediyon da ke riƙe da tsofaffin faya-fayai su tsara su, su rubuta wa kowace waƙa sunanta da shekararta da makaɗanta, su ɗora su bisa yarjejeniya da magada. Masu ɗakunan kiɗa su mayar da rubuta sunan kowane mai hannu a waƙa ƙa'ida. Masu turi, waɗanda suka fi kowa sanin abin da unguwa ke so, a jawo su cikin kasuwar halal a matsayin dillalai masu lasisi. Na'urar Stockholm za ta ci gaba da ba da shawara ko an so ko an ƙi. Abin da ke hannun Kano shi ne yawan waƙoƙinta da na'urar za ta tarar an rubuta musu suna daidai idan ta zo nema.