Soke Koyarwa Da Harshen Uwa: Ɗan Shekara Biyar Ne Zai Fara Biyan Kuɗin Sabulu

A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, kuma daga yanzu Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fagen shiga firamare har jami'a. Tsarin da aka soke shi ne wanda gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da shi a Nuwamban 2022, lokacin da Malam Adamu Adamu ke riƙe da ma'aikatar, wanda ya tanadi a koyar da yaro da harshensa a shekaru shida na firamare.

Hujjar ministan ita ce yawan faɗuwa jarrabawar WAEC da NECO da JAMB a yankunan da ya ce sun rungumi harshen uwa fiye da kima. Sai dai lissafin shekaru bai mara wa wannan hujja baya ba. Ɗalibin da ya zauna WAEC a 2025 ya bar firamare ne wajen 2019, shekara uku kafin a amince da tsarin na 2022. Shi kansa Adamu Adamu ya faɗa tun a lokacin cewa aiwatarwa na buƙatar littattafai da malaman da aka horar, abin da bai wadata ba har zuwa ranar da aka soke tsarin.

Gaskiya ne tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa a azuzuwan farko. Amma a yawancin makarantun gwamnati a Arewa abin da ake yi daban ne: littafi da Turanci, rubutun allo da Turanci, malami ya fassara da Hausa da baki, yara su amsa da hadda. Yaron bai koyi karatu da Hausa ba, bai kuma koye shi da Turanci ba.

Sakamakon ya bayyana a binciken MICS na 2021 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar da tallafin UNICEF. Kusan kashi 27 cikin ɗari ne kaɗai na yara 'yan shekara 7 zuwa 14 ke da tushen iya karatu, kimanin kashi 25 kuma ke da tushen lissafi. Tun daga ajin farko wannan giɓi ke farawa.

Abin da ake nema daga ɗan shekara biyar shi ne ya gane cewa kalma sautuka ce da aka jera, kuma kowane harafi na tsaye ne a madadin sauti. Rubutun boko na Hausa ya sauƙaƙa wannan aiki, domin kusan yadda ake furta kalma haka ake rubuta ta. Yaron da ya san "ka" da "za" zai haɗa su ya karanta "kaza", nan take ya ga tsuntsuwar gidansu a ransa. A Turanci harafi ɗaya na iya ɗaukar sauti uku ko huɗu, ga shi yaron bai san ma'anar kalmar ba ko ya furta ta daidai. An ɗora masa kaya biyu ke nan a lokaci guda: koyon karatu da koyon baƙon harshe.

Haka abin yake a lissafi. Yaron da ake aike ya sayo gishiri ya karɓo canji ya zo makaranta da ƙirge a bakinsa. "Goma sha ɗaya" da "goma sha biyu" sun riga sun faɗa masa cewa goma ce aka ƙara wa wani abu, wanda shi ne tushen fahimtar matsayin lamba. Idan aka raba shi da wannan ƙirge aka sa shi rera lambobin Turanci, zai iya kai wa ɗari da baki, amma a ajiye masa tsakuwa bakwai a ce ya cire uku sai ya tsaya yana kallon malami.

Nijeriya ta taɓa gwada wannan. A shekarun 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A baya-bayan nan shirin RANA ya koyar da karatu da lissafi da Hausa a Katsina da Zamfara, shirin Mu Karanta kuma a Bauchi da Sakkwato. Dukansu biyu da kuɗin ƙasashen waje aka yi su, kuma rufe hukumar USAID a 2025 ya nuna haɗarin jingina karatun yara da aljihun wasu.

Masu goyon bayan ministan na da nasu hujjojin da bai kamata a yi watsi da su ba. Nijeriya na da harsuna sama da 500, da yawansu ba su da littafin aji ko ɗaya. A unguwannin Jos ko Kaduna aji guda na iya tara yara masu harsuna biyar. A Arewa ma Hausa ba harshen uwar kowa ba ce, ga Fulatanci da Kanuri da Nufanci da wasu da dama. Iyaye kuma, har talakawa, na matsa wa kansu su kai yara nazare mai zaman kanta domin su ji suna Turanci, saboda sun san da shi ake jarrabawa da neman aiki.

Amma umarnin a koyar da Turanci zalla ya dogara ne kan malamin da ya iya Turancin. A 2017 gwamnatin Kaduna ta ce malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa cin jarrabawar 'yan aji huɗu da aka yi musu. Sanarwa daga Abuja ba za ta sauya bakin malamin ƙauye ba. Abin da za ta iya yi shi ne ta dakatar da buga littattafan Hausa da horar da malamai a kansu, ta bar ajin da haddar da aka saba.

Ilimi na cikin al'amuran da kundin tsarin mulki ya raba tsakanin tarayya da jihohi, kuma hukumomin SUBEB ne ke tafiyar da firamare. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin tushe, amma jiha sai ta zuba nata kason kafin ta karɓa, kuma biliyoyin naira sun sha kwana a hukumar UBEC saboda jihohi ba su zuba ba. Saboda haka gwamnoni, ciki har da na Kano da ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2024, na da tambayoyin da za su amsa: firamare nawa ce ke da ajin share fage, yara nawa ke gaban malami ɗaya, kuma nawa aka kashe bara wajen sayen littafin karatu na ajin farko.