A Bar Wa Golf Wayar Kulocinta

Makon nan za mu bar zancen taki da iri, mu taɓa zancen mota, gama hatsin da bai kai kasuwa ba bai zama kuɗi ba tukuna. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda cikin 1929 arzikin manomin ƙasar nan yake rataye ga abin da zai kwashe masa kaya. Da raƙumi da jaki ke kai gyaɗa da auduga tasha. Yanzu kuwa, daga Ɗan Isa zuwa Ƙaura, ko Zurmi, ko kasuwar Shinkafi ta ran Alhamis, da yawa cikin buhunan wake da gero da albasa a bayan tsohuwar Golf suke tafiya, kuma sau da yawa manomi ne mai motar, ko kuwa 'yan'uwa suka haɗa kuɗin kaka suka saya.

To, ga wata shawara da ake ba masu irin motocin nan. Wai a cire wayar kuloci a sa na mai, watau irin wanda ke aiki da man birki, kamar na Hilux da Canter da Fijo 504. Masu faɗin haka suna cewa feda za ta yi laushi, ƙafar direba ta huta, an kuma rabu da tsinkewar waya har abada. Ni dai ra'ayina kada a yi.

Bari mu duba yadda kowanne ke aiki. Na waya ba shi da wani asiri. Igiya ce ta ƙarfe cikin kube, irin ta birkin keke da kulocin babur. Ka taka feda, ta jawo hannun da ke bisa akwatin giya, faranti ya saki. Na mai kuwa tukwane biyu gare shi, ɗaya a sama wajen feda, wadda makanikai ke kira masta, ɗaya a ƙasa jikin akwatin giya, da bututu tsakaninsu. Ka taka, ta sama ta tura mai, mai ya tura ta ƙasa. Lalle ya fi laushi, yana kuma daidaita kansa sa'ad da faranti ke cinyewa. Wannan ban musa ba. Wanda motarsa ta fito daga kamfani da shi, ya riƙe abinsa.

Amma Golf ta biyu, wadda aka ƙera daga 1983 zuwa 1992, da yawancin ta uku masu ƙaramin inji, wadda aka fara cikin 1991, da waya aka tsara akwatin giyarsu. Ba a bar wa tukunyar ƙasa mazauni ba. Sai mai walda ya ƙago mata ƙarfen da za ta zauna, a huda bangon da ke tsakanin direba da inji, a liƙa wa feda kunne. Bangon nan gwangwani ne marar kauri, kullum kuwa ana dannarsa sau ɗaruruwa. In ba a ƙarfafa shi ba sai ya tsage. Babbar matsala ma ita ce faɗin tukwanen. Kamfani yana auna su ne su dace da juna. In aka ɗauko masta ta wata mota, ta ƙasa ta wata, ko dai turin ya gaza, giya ta riƙa ƙara tana ƙin shiga, ko ya wuce kima ya lalata farantin matsi. Wa zai auna maka wannan a gindin bishiya? Sai dai a yi ta gwaji da motarka, da kuɗinka.

Sa'an nan a tuna inda muke. Sau da yawa waya ba ta tsinkewa sai ta yi gargaɗi: feda ta yi tauri, ta fara ƙara, ka leƙa ka ga silin ƙarfe sun fara warwarewa a bakinta. Sabuwar waya tana shiga ƙarƙashin kujera, direba mai hankali kuwa ya iya sa ta da kansa a bakin hanya. Na mai fa? Robar da ke cikin tukunya ta gaji da zafin bazara da ƙurar hunturu, mai ya tsiyaye, feda ta faɗi ƙasa ta ƙi tashi. Sai an sami roba daidai da tukunyar, da man birki na kirki, da mutum biyu, ɗaya na taka feda ɗaya na fitar da iska. Man birki kuma yana shan danshi, shi ya sa ake son a sauya shi duk shekara biyu. In aka rasa shi aka zuba baƙin mai ko man giya, robobin duka sun kumbura, aiki ya koma farko. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suka shiga a shekarun nan, har cikin Satumba 2021 aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a Zamfara saboda 'yan bindiga. Tsayuwar rabin sa'a tsakanin Ƙaura da Zurmi da la'asar sakaliya daban take da tsayuwar sa'a uku. Tumatir da albasa ma ba su jiran makaniki ya zo daga gari.

Mai cewa wayarsa na yawan tsinkewa, ya nemi dalili, don waya mai kyau tana shekaru. Sau da yawa farantin matsi ne ya tsufa ya yi tauri, waya ke biyan bashinsa, kuma ko an sa na mai taurin nan na nan, an ɓoye shi ne kawai. Wani lokaci an bi da wayar ta lanƙwasa mai tsanani, ko kusa da salansa har zafi ya narke robar cikinta. Akwai kuma wanda mutane ba su cika lura da shi ba: in wayar as da ta haɗa inji da jikin mota ta ruɓe, wutar sitata sai ta nemi hanya ta cikin wayar kuloci, ta ƙone ta kaɗan kaɗan. A sa mai gyaran wuta ya duba wannan kafin a zargi kowa. Wayoyin nan masu roba a ciki kuma ba a ɗura musu baƙin mai, ƙura yake tarawa. Golf ta uku tana zuwa da waya mai daidaita kanta, in abin daidaitawar ya lalace ana iya sa irin mai goro wadda ake ɗaurewa da hannu, a bar wa feda ɗan wasa kafin ta fara ja.

Saura laifin lodi. Motar da aka yi don mutum biyar, an ɗora mata buhu kan buhu har bayanta na shafar ƙasa, direba ya ɗora ƙafa bisa feda yana ƙona faranti cikin yashin Gagare. Ba irin kulocin da zai jure wannan.

Wuri ɗaya na yarda da sauyi. In akwatin giya ya mutu, aka sami na Passat ko na Golf mai babban inji wanda kamfani ya yi shi da na mai, aka kuwa sayo shi tare da fedarsa da tukwanensa da bututunsa daga mota guda, to a sa. In ba haka ba, kuɗin sauyin nan a sayi faranti mai kyau da waya biyu, ɗaya a mota ɗaya ƙarƙashin kujera, abin da ya rage a kai wajen mai taki kafin ruwa ya sauka.