Bayan Yaro Ba Amalanke Ba Ne

'Yan'uwa manoma, akwai wani ciwo da ya kan kama samarinmu da 'yan matanmu lokacin huɗa da lokacin kaka, amma ba mu cika ɗaukarsa a bakin kome ba. Yaro mai shekara 14 ko 16 yana cikin aiki, sai bayansa ya riƙe farat ɗaya. Naman da ke gefen ƙashin baya ya ɗaure tamau, ya kasa miƙewa, ya kasa sunkuyawa. Abin da uba ya kan fara faɗi shi ne, "Ƙiwuya ce." In ya ga abin da gaske ne, sai ya aika kemis a sayo ƙwaya, gobe a koma gona. A ganina duka biyu kuskure ne, maganar kuwa ta ƙungiya ce, ba ta gida ɗaya ba.

Mu fara da kaya. Buhun takin zamani kilo 50 ne. Buhun masara ko dawa da mu ke kaiwa kasuwa ya kan kai kilo 100. Jarkar ruwa mai lita 25, kilo 25 ke nan a kan yarinya, ba kuwa sau ɗaya ta ke zuwa rijiya a yini ba. Tun a 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawara kada ƙaton namiji ɗaya ya ɗauki abin da ya wuce kilo 55, wanda bai kai shekara 18 ba kuwa a rage masa ƙwarai. Mu nan muna aza wa yaro kusan ninkin abin da aka yanka wa babba, muna kuma yaba masa. Yaro ya kan yi tsawon ubansa tun ƙashinsa bai ƙosa ba, gama ƙashin baya ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 18 ko bayan haka. Sa'ad da kaya ya fi ƙarfinsa, ko ya murɗa jiki da kaya a ka, nama ya kan ɗan yage, sa'an nan naman da ke kewaye ya ɗaure domin ya hana wurin motsi. Wani lokaci ma ƙashin ne da kansa ya ɗan tsage wajen ƙugu, ba a ganinsa sai da hoton asibiti.

Sai kuma rana. Wanda ya yini sunkuye da fartanya yana zuba gumi, bai sha ruwa sosai ba, namansa ya fi saurin ɗaurewa. A wurin gayya abin ya fi muni. Ga makaɗa, ga 'yan mata suna kallo, wane saurayi ne zai yarda ya fara ɗaga kai?

Irin wannan ciwo na gajiyar nama ya kan lafa cikin 'yan kwanaki, ko mako biyu. A gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a ba shi ruwa da farasitamol, ya riƙa 'yar tafiya a hankali. Doguwar kwanciya ba ta taimaka. Kaya kam, ya bar su tukuna.

Amma ba kowane riƙewar baya ne gajiya ba, nan ne kuwa ake rasa yara. In yaro ya taka ƙusa, ko fartanya ta sare shi cikin makonni uku da suka wuce, yanzu kuma muƙamuƙinsa ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, baya yana banƙarewa, wannan sarƙe-haƙora ce. Ƙwayarta tana cikin ƙasa da kashin dabbobi, wato inda mu ke yini. A kai shi babban asibiti ran nan, ko da dare ne. Allurar rigakafin da aka yi masa yana jariri ba ta tsare shi har abada, tana bukatar ƙari. Askar tsaga marar tsabta ma ƙofa ce ga wannan cuta.

Ga kuma sikila. A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da irinta a jini ba tare da ciwo ba, ana kuma haihuwar jarirai wajen 150,000 da cutar kowace shekara. Yaron da tun yana ƙarami ya kan yi ciwon ƙashi, idonsa ya yi rawaya, in bayansa ya riƙe bayan aikin rana ko dukan ruwan sama, a gwada jininsa. Sanyi, ƙishirwa, zazzaɓin sauro da aiki mai tsanani su ke tayar da ita. Irin wannan yaro ba raggo ba ne.

Tarin fuka kuwa ba a huhu kaɗai ya ke tsayawa ba. Ya kan shiga ƙashin baya ya ci shi sannu a hankali, sau da yawa ba tari ko kaɗan. Ciwon ya kan yi makonni, ya hana barci, yaro yana ramewa, yana gumin dare, daga baya wani ƙullutu ya fito a tsakiyar baya. In an bari, doro ne ko shanyewar ƙafafu. Maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai dai shansa ya kan kai shekara. Ciwo a kwiɓi tare da zazzaɓi da zafin fitsari kuma, a duba ƙoda. Duk wanda ƙafarsa ta yi sanyi ko ta mutu, ko ya kasa riƙe fitsari, ba a kwana da shi a gida.

Shi ya sa ba na son ƙwayar kemis ta zama amsarmu. Tiramol da samari ke sha domin su yi aikin mutum biyu ba ya warkar da kome. Ya kan rufe bakin ciwo ne, yaro ya ci gaba da ɓata abin da ya riga ya ɓaci, ga sabo, ga farfaɗiya in ya yi yawa.

Na san wani zai ce, "Mu ma haka muka tashi, kuma ba mu da hannuwa." Rashin hannu gaskiya ne. Amma yaron da ya kwanta tsakiyar damina, hannu biyu aka rasa, nasa da na mai jinyarsa. Abin da gida ɗaya ba zai iya ba, ƙungiya za ta iya. Mu sa doka a sitonmu: wanda bai kai shekara 18 ba, ba ya ɗaukar buhun hatsi, buhun taki kuwa sai mutum biyu ko a raba shi. Mu sayi baro biyu ko amalanke ɗaya na haya ga 'yan ƙungiya. Mai gayya ya ajiye tulun ruwa a bakin gona, a riƙa tsayawa ana sha. Ma'aji kuma ya ware wani abu a asusu domin kuɗin mota zuwa asibiti, gama sau da yawa kuɗin motar nan ne ke sa uba ya ce a bari sai gobe. Shugabanni, a sa maganar nan cikin taro mai zuwa, tun masara ba ta shigo ba.