Kibiya ko analog: a bar kowa ya buga da abin da hannunsa ya saba

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da aikin bincike ya tara a Sheda, da masu shigowa daga Gwagwalada ranar Asabar, ga maganar gasar ƙwallon gem ta sake tasowa. Na ji wasu na cewa a kafa doka kowa ya buga da analog, wai kibiya ta 'yan da ce, an wuce wurin. Ni dai ban goyi bayan wannan doka ba.

Gaskiya ne kibiya ta girmi analog a hannun gem na gida. Gunpei Yokoi na kamfanin Nintendo ne ya fito da wannan madanni mai siffar gicciye a 1982, a ɗan gem ɗin aljihu na Donkey Kong. Maɓallai huɗu ne kawai a ƙarƙashinsa, in ka danna biyu tare ka samu kwana, jimilla fuska takwas. Analog bai bazu ba sai da Nintendo 64 ta zo a 1996, Sony ta biyo da DualShock a 1997. Shi yana auna inda ka karkata da kuma iya nisan da ka tura.

Yawancinmu a shagon gem muka koya, a Kano ko Zariya ko Katsina, kan PS2, da Winning Eleven da PES 6. A waɗannan wasanni ɗan ƙwallo fuska takwas yake bi, don haka kibiya ce daidai da shi, ba kuskure ba zamewa. Wanda ya shekara goma babban yatsansa na kan kibiya, ba ranar gasa za ka ce ya sake hannu ba.

Masu analog suna da hujja, ban musa ba. Tun FIFA 10, a 2009, aka sa ɗan wasa yana juya ƙwallo ta kowace fuska, kuma sababbin wasannin duk a kan analog aka gina su, har kibiyar aka mayar wurin canza dabarun wasa sai in ka shiga saiti ka juya. To amma ku duba: in dai kibiya ta fi rauni, mai bugawa da ita kansa ya cuta, ba abokin karawarsa ba. Meye na hana shi? Ka ci shi biyar mana. Ina zargin wasu dai tsoron kunya suke, kar Malam mai kibiya ya fitar da su a zagayen farko. Kuma da a ce Tekken ko Mortal Kombat ake yi, su da kansu kibiyar za su koma.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗi, domin hannayen nan karo-karo muka yi muka saya. A cikin analog akwai ɗan ƙarfe da ke goga a kan zanen gawayi, da haka yake gane motsinka. Kullum ana gogawa yana cinyewa, ƙura na shiga, ga hunturu na tafe, kun san yadda ƙurar hanyar Lokoja take. Daga nan sai ka ga ɗan bayanka yana tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba. Ba matsalar jabun kaya ce kaɗai ba: har shugaban Nintendo, Shuntaro Furukawa, sai da ya ba da haƙuri a 2020 kan matsalar hannayen Switch. Akwai analog mai aiki da maganaɗisu wanda ba ya goga, Sega ta sa shi a Dreamcast tun 1998, sai dai hannayen Sony da muke da su ba irinsa ba ne. Kibiya ma tana mutuwa, robar ƙarƙashinta kan yage, amma wannan kwance sukurori ne a sauya roba. Analog kuwa sai an kai wa mai dalma, in ya ƙona allon shi ke nan. Hannu huɗu ga mutum kusan ashirin, a ce dole kowa ya murza analog, wa zai biya gyara? Ɗalibin da kuɗin sinadaran gwaji ya riga ya ƙarar?

Shawarata ga kwamiti: kowa ya saita hannu yadda yake so kafin a take wasa. A gwada kowane hannu a gaban mutane, a ajiye shi ƙasa a ga ko ɗan wasa na motsi da kansa. Wanda analog ɗinsa ya fara ja kaɗan, kar a jefar, a ba masu kibiya, zai yi musu aiki. In kuma biyun duk masu analog ne kuma hannu ɗaya ya fi lafiya, a yi musaya bayan hutun rabin lokaci. Mai nasa hannun ya taho da shi, ya rubuta sunansa a baya.