Ku Bar Koci Ya Ambaci Matarsa

Wani mai sauraro ya bugo waya a shirina, wai duk kocin da ke durƙusawa da matarsa su yi addu'a kafin wasa, rago ne. Malam, ka ɓata rawarka da tsalle. Dubi Tony Dungy na ƙwallon Amurka, Kirista ne da ba ya ɓoye bangaskiyarsa. Tampa Bay ta sallame shi a 2002. A Disamba 2005 ɗansa James ya rasu, yana shekara 18. Mu 'yan ihun filin wasa, ina muke ranar? Matarsa Lauren ce a gefensa, makokin nasu ɗaya. A 2007 ya ɗauki kofin Super Bowl da Indianapolis Colts. Kai mai zagi, in aka sallame ka gobe, wa za ka fara kira?