Kar mu aika ɗan kallo bukin littattafai

Ƴan uwa ɗalibai, tun da anka fara karo-karon kuɗin da za mu aika mutum biyu bukin littattafai na HIBAF, magana biyu nike ji, a fada wajen shayi da kuma cikin jami'a. Wasu har sun jera sunayen manyan marubutan da suke so a ɗauko hoto da su. Wasu kuma cewa suke: "Mi za mu yi can? Abin ƴan Najeriya ne, a bar kuɗin nan mu yi hotokopi." Ni ba ni tare da kowane ɓangare, kuma zan faɗi dalilina a rubuce don kar gobe a ce ban faɗa ba. Tafiyar tana da amfani, amma sai in wanda munka aika ya san zauren da zai shiga da wanda zai wuce.

Ga wanda bai sani ba, HIBAF buki ne na littattafai da fasahar Hausa, wanda ƙungiyar Open Arts ta fara a Kaduna a 2021, ƙarƙashin jagorancin marubuci Sada Malumfashi. Kafin shi akwai KABAFEST, shi ma a Kaduna, tun 2017, akwai kuma Ake da Lola Shoneyin ta kafa a Abeokuta a 2013. Irin waɗannan bukukuwa tsarinsu kusan ɗaya ne: bukin buɗewa, zaman tattaunawa, hira da marubuci kan littafinsa, bita ga masu koyo, teburan masu saida littattafai, sai daren waƙa da majigi. Abin da ya raba HIBAF da sauran shi ne sunan Hausa da ke kansa, da kalmar nan "na duniya". To in buki ya ce na Hausawan duniya ne, Adar na da tabarma a ciki, ko an aiko mana da gayyata ko ba a aiko ba.

Bari in fara da abin da za a wuce. Bukin buɗewa mun san shi, don mun sha zama irinsa nan Tawa. A ce ƙarfe tara, babban baƙo ya iso sha ɗaya, a gaida mai girma wane da mai girma wane, a tafa, a tashi. Wanda ya rasa wannan bai rasa komi ba. Haka layin ɗaukar hoto. Na ji ana cewa ganin babban marubuci ido da ido yana ƙara wa yaro ƙarfin gwiwa, kuma gaskiya ne. Amma ƙarfin gwiwar yana zuwa ne in ka karanta littafinsa tun daga gida, ka zauna a hirarsa, ka ɗaga hannu ka yi masa tambayar da za ta sa ya tsaya ya yi tunani. Wanda ya dafa kafaɗarsa daƙiƙa biyar don a danna salula, kafin magariba an manta da shi. Jikkunanmu da munka tsame daga kuɗin abinci ba na wannan ba ne.

Zaure na farko da nike so a tarar da wakilinmu a ciki, tun kafin a jera kujeru, shi ne na fassara. Ku dubi halin da muke ciki. Daga Tawa zuwa Ƙonni bai kai kilomita 150 ba, daga Ƙonni zuwa Sakkwato wajen kilomita 100 ne. Albasarmu tana ƙetare iyakar nan, shanunmu suna ƙetarewa, aure ma yana ƙetarewa. Littafi ne kaɗai ke tsayawa. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, ya rubuta labarin Hausawa da Ingilishi, ya ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2016. Ɗalibin lise na Tawa bai iya karanta shi ba sai da anka fassara shi da Faransanci a Faransa a 2018. Wato labarin maƙwabcinka sai ya je Paris ya sake riga kafin ya shigo gidanka. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito da Hausa a 1990, fassararsa ta Ingilishi kuwa, wadda Aliyu Kamal ya yi, a Indiya anka buga ta a 2012.

Ta ɓangarenmu ma haka abin yake. Jibo Hamani, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa, ya fito a 1975, da Faransanci. Abdulaye Mamani ya rubuta Sarraounia a 1980, da Faransanci, kan yaƙin Lugu da ayarin Voulet da Chanoine, ayarin da ya ƙone Birnin Ƙonni a 1899. Saurayin Kano ko Zariya da ya yi boko da Ingilishi, ta ina zai shiga waɗannan littattafai? An koya mana Faransanci, an koya musu Ingilishi, kowa ya zama bebe a ɗakin karatun ɗan uwansa. Hausa ce kaɗai ta rage tsakaninmu. Kuma ku lura da wani abu: a taron da yawancin mutane Ingilishi sunka karanta, wanda ya iya Faransanci da Hausa kaya gare shi mai tsada. Wakilinmu ya tashi a zauren nan ya ce: mu muna iya juya Faransanci zuwa Hausa, wa ke son mu yi aiki tare? Wannan jimla ɗaya ta fi hoto ɗari.

Na biyu shi ne bitar gyaran rubutu. Na san ba ta da daɗi. Zama ne na mutum kaɗan, a kama labarinka a ja masa jan bik gaban jama'a. Amma ku ɗauki ƴan takardun nan namu na baya ku duba da idon gaskiya. Shafi ɗaya a rubuta "ƴa", shafi na gaba a rubuta "'ya". Wani ya sa "tch" da "ou" irin na lakkwal, ya rubuta Hausa kamar Bature na koyon gaisuwa. Wani ya haɗe kalmomi uku wuri ɗaya. Tun 1980 masana sunka zauna a Yamai don daidaita ƙa'idar rubutun Hausa tsakanin ƙasashen biyu, mu kuwa har yau kowa da tasa ƙa'idar. Ba laifinmu ba ne kacokan, don yawancinmu ba a taɓa koya mana rubuta harshen da munka sha a nono ba, duk da an buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram tun 1973. Amma mai karatu ba ya karɓar uzuri, ajiye takardar yake yi.

A bitar nan akwai tambayar da nike so a yi da babbar murya, kuma a rubuto mana amsar: in marubuci Ba'adare ya sa "munka" da "wanga" da "mi" a bakin mutanen labarinsa, mai gyara yana da ikon mayar da su Kananci? Ni dai amsata a'a ce. Ƙa'idar rubutu daban, karin harshe daban. Tsohuwar Kaita ko ta Buza in ta buɗe baki a cikin labari ta yi maganar Fagge, an yi mata ƙarya. Amma gara mu je mu yi gardamar da masu gyaran, mu ji hujjarsu, da mu zauna nan muna gunaguni wajen shayi.

Na uku shi ne teburan masu saida littattafai, inda ba lasifika, ba kujerar alfarma. Mu Adarawa ba sai an koya mana kasuwa ba. Iyayenmu da yayyenmu sun yi cin rani har Abijan, sun san yadda ake shiga garin da ba ka san kowa ba ka fito da abokin ciniki. Wakilinmu ya yi haka nan. Ya tambayi nawa ake buga kwafi ɗari biyar, a wace maɗaba'a, da wace irin takarda. Ya tambayi kaso nawa mai shago ke ɗauka, da yadda masu saida labari ta WhatsApp ke karɓar kuɗinsu, da yadda za a yi tsakanin naira da sefa. Ya karɓo lambobi. Marubutan Kano da anka raina, anka kira aikinsu adabin kasuwa, ba su jira kamfani ko gwamnati ba. Su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, sun haɗa kai a ƙungiyar Raina Kama, sun buga da kuɗinsu, sun kai kasuwa da kansu, har littattafan sunka iso hannun yayyenmu mata a nan Tawa. Wannan ilimi a bakin tebur ake samunsa, wajen mutumin da ke ƙirga canji.

Na huɗu shi ne daren waƙa da labari, kuma a nan sharaɗina mai tsauri ne: a je a hau dandali. Garin Ɗan Gurmu ne wanga, wanda har gasar kiɗa ta ƙasa ke ɗauke da sunansa. Gidan matasa da al'adu namu sunan Albarka Cibau gare shi, mai ba da labarin da ya riƙe jama'a da baki kawai. Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin waɗanda sunka fara fim na zane a Afirka, a nan Tawa ya zauna ya yi aiki shekaru da yawa, kuma tun 2024 sunansa ke kan babbar cibiyar al'adu ta Yamai wadda da ake kira Jean Rouch. Wanda ya fito daga irin wanga gari ya je ya zauna kujerar baya yana tafi, ya ci amanar garin. A tafi da waƙa biyu da gajeren labari ɗaya waɗanda munka zaɓa tare, a nemi minti biyar, a karanta su da Adaranci. Ƴan uwanmu na Abalak da Cintabaradan masu rubutu da Tamajak su ma su ba da nasu, da fassarar Hausa a gefe. Abin da Faransanci ya yi wa Hausa a lakkwal, kar mu juya mu yi wa harshen maƙwabcinmu.

Yanzu ga masu cewa a bar tafiyar. Ina girmama ku fiye da masu hoto, don ku aƙalla lissafi kuke. Gaskiya ne kuɗin kar da masauki zai buga mana takardu da dama. Gaskiya ne hanya ba ta da sauƙi, kuma mun ga yadda iyaka ta rufe a 2023 har cikin 2024. Amma in tambaye ku: takardun da za mu buga, wa zai karanta su? Mu ne dai, mu talatin ko arba'in, mu rubuta, mu karanta, mu yaba wa juna. A nan Tawa anka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma Kantu na Maraɗi ne ya kada kowa. Ɗan kokowar da bai taɓa fita unguwarsu ba yana iya rantsuwa babu kamarsa, don bai gamu da Kantu ba. Rubutu ma haka ne. Sai ka ji abin da sa'arka ta Gusau ko Katsina ke rubutawa kafin ka san inda ka tsaya.

Masu cewa abin ƴan Najeriya ne kuwa, ku tuna cewa a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar. Mun yi murna, mun rarraba labarin a salula. To doka ba ta rubuta littafi. In gobe anka ce a koyar da adabin Hausa a kowane lise, littafin wa za a sa? In ba mu rubuta namu ba, kuma ba mu koyi gyara shi da buga shi ba, daga Zariya da Kano za a kwaso duka, kamar yadda tun gasar 1933, wadda ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, can ne maɗaba'a take. Ba na ƙin littattafan nan, da su munka koyi son karatu. Amma yaron Bagaruwa ya cancanci ya buɗe littafi ya tarar da dutsen garinsu, da rijiya mai gaba talatin, da uwar da ke jiran saƙon mai cin rani. Wanda ya ƙi zuwa inda ake koyon sana'ar, ya sa hannu ke nan a kan mu ci gaba da zama masu saye.

Saboda haka ga abin da zan kawo a zamanmu mai zuwa, kuma ina neman a kaɗa ƙuri'a a kai. Cikin mutum biyun, ɗaya ta zama mace. Mata ne ke riƙe da kaso mai yawa na rubutun Hausa yau, har BBC Hausa ta buɗe musu gasar Hikayata tun 2016, kuma akwai hirar da namiji ba zai samu shiga ba. In iyaye sun yi ɗar-ɗar, mu je mu same su da ladabi tare da wata malama da za ta yi rakiya. Kar a zaɓi wakili don ya fi kowa baki ko ya fi kowa ba da kuɗi. A zaɓi wanda ya gama rubutu, ya yarda anka gyara masa. A tafi da kwafi ashirin na wannan ɗan littafi namu, a raba su hannu da hannu ga masu fassara da masu gyara da masu shago. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka gyaran ya fara daga wannan mako.

In sun dawo, su tsaya gabanmu da kayensu a buɗe. Su faɗa mana farashin bugu, su ba mu sunan mutum uku da sunka yarda su karanta aikinmu, su maimaita mana bitar gyaran rubutu daga farko har ƙarshe, yadda wanda ya ba da dala ashirin ma zai ci ribar kuɗinsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya ga sharaɗin ya yi masa nauyi, ya faɗa tun yanzu, mu ba wani.